Mashigin Tudun Marke

Masu riƙe labaran da sun ce a wani zamani mai nisa, wanda yanzu ko kushewar mutanensa ba a ganewa, an yi wasu ƙasashe biyu da kogi ɗaya ya raba: Tudun Marke a yamma, Kwarin Ƙirya a gabas. Kogin ba shi da gada, yashinsa kuma mayaudari ne, inda ka taka bara ka wuce lafiya, bana sai ya haɗiye doki da mahayinsa. Saboda haka duk shekara in ruwa ya janye, masu fito na ƙasashen biyu kan shiga da dogayen gorori su lalubo inda ƙasa ta yi tauri. Ba sa kafa turke, ba sa sa alama, a ka suke riƙe hanyar. Baƙo kuwa ba a nuna masa mashigin, sai dai a sa shi a kwalekwale a haye da shi.

Sarkin Tudun Marke a lokacin sunansa Mantau, na Kwarin Ƙirya kuma Cindo. Taubasai ne, a gida ɗaya aka yaye su, har suka yi furfura Cindo bai daina kiran Mantau bawansa ba, ko a gaban fadawa. Ana nan sai shugaban mayaƙan Cindo, wani mai suna Barde Jatau, ya juya masa baya. Ya kama shi ya kulle a wani ɗaki a ƙuryar fada, ya haye gadon sarauta. Da labari ya iso wa Mantau, kwana uku abinci bai wuce maƙogwaronsa ba.

To, akwai wasu mutanen Bayan Teku da suka daɗe suna haƙar kuza a duwatsun Kwarin Ƙirya, Jatau ya kore su ranar da ya hau. Ba a yi wata guda ba sai ga manzonsu a fadar Mantau, da tafinta, da kyaututtuka, da baki mai zaƙi. Ya ce rundunarsu na tafe da bindigogi da igwa domin ta fid da Cindo ta mai da shi gadonsa. Ya ce sarkin arewa ya ce ba ruwansa, sarkin kudu ya yi alkawarin hatsi in dai wani ne zai fara buɗe ƙofa. Sa'an nan ya ce, "Ba ma neman mayaƙinka ko ɗaya, ranka ya daɗe. Masu fito uku kawai za ka ba mu su shige gaba, mu bi sawunsu. Amma ka hanzarta, damina ta kawo kai, in kogi ya cika sai baɗi, kuma ban ga alamar ɗan'uwanka zai kai baɗi ba."

Sarki ya nemi kwana biyu. A zuciyarsa kuwa ya riga ya amince, jira kawai yake bakinsa ya furta.

Washegari bayan la'asar ya sallami fadawa, ya zauna shi kaɗai ƙarƙashin tsamiyar da ke tsakar gida. A kan tsamiyar nan akwai wata tsohuwar shamuwa da ke sheƙa tun zamanin kakansa, kowace shekara takan zo gaban damina daga ƙasashen da ba wanda ya taɓa zuwa. Tsufa ya sa ta daina jin nauyin kowa, har sarki. Ta sauko ta tsaya gabansa ta ce, "Allah ya ba ka nasara, na ga fuskarka irin ta mutumin da ya gama shawara, yana neman wanda zai ce masa ya yi daidai."

Sarki ya ce, "Iya, ɗan'uwana ne a kulle. Ba yaƙi zan yi ba, hanya kawai zan nuna."

Shamuwa ta ce, "Kalmar nan na taɓa jin ta, a bakin wani kurege. In ka ba ni izini in gaya maka yadda ya ƙare."

Sarki ya ce, "Ko na hana ki ai faɗa za ki yi. Ina saurare."

Shamuwa ta gyara tsayuwa ta ce:

"A gindin wani tsohon suri, can cikin saura, akwai Kurege da maƙwabciyarsa Gafiya. Kakanninsu ne suka haƙa gidajen, suka kuma huda wata 'yar siririyar hanya tsakaninsu, saboda in tsoro ya shigo wa ɗaya ya tsere ta gidan ɗaya. Kowane gida yana da babbar ƙofa da kowa ke gani, da ƙananan ƙofofi da aka rufe da ƙasa sama-sama, waɗanda sai 'yan gida suka san su.

"Wata rana Gamsheƙa ya shiga gidan Gafiya ya naɗe a zaure, jikinsa ya tare bakin siririyar hanyar. Gafiya da 'ya'yanta biyar suka maƙale a ƙuryar ɗaki. Kurege yana jin kukansu ta cikin ƙasa safe da yamma, ba shi da abin yi, abin ya ci masa rai ƙwarai.

"Ana haka sai ga wani karen farauta, ya zo yana kaɗa wutsiya, ya tsaya nesa cikin ladabi. Ya ce iyayen gidansa maharba ne, macijin nan ya sare musu karya mai ciki, sun yi rantsuwa sai sun ga bayansa. Ya ce hayaƙi za su tura masa, amma hayaƙi ba ya aiki sai an toshe duk ƙofofi, su kuwa ba su san ƙananan ba. Ya ce, 'Kai ba za ka taɓa wuta ba, ba za ka taɓa maciji ba. Ka tsaya kan kowace ƙofa ka ɗaga wutsiya, shi ke nan, sauran aikin namu ne.'

"Kurege ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. A hanyarsa ta komawa gida ya gamu da wata tsohuwar Bushiya, ya kwashe labari ya gaya mata, yana murna. Bushiya ta ce, 'Ɗan nan, na yi shekaru ina zaune ƙarƙashin wani rumbu a cikin gari, na ga wata mata da ta faɗi irin maganar nan taka. Zauna ka ji labarin Tune mai ginin tukwane.' Kurege ya zauna ba don yana so ba, Bushiya ta ce:

"'Tune gwauruwa ce, katanga ɗaya ta raba gidanta da na wani dattijo, Malam Barmo. Gidanta yana sama, nasu yana gangare, don haka ruwan saman da ya taru a tsakar gidanta ta wata rariya da ke gindin katangar yake bi, ya ratsa gidan Barmo ya fita kwararo. Haka aka gada, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Ta kan katangar nan ake miƙa garwashi da kwanon tuwo, kuma duk jikokin Barmo ita ta yi musu wanka ranar da aka haife su.

"'Barmo yana da ɗa, Nomau, mahauci, mai taurin kai da saurin hannu. Da ƙarfin uban ya ƙare, Nomau ya ƙwace gidan, ya kulle tsohon a ɗakin da ake tara kara, yana tura masa abinci ta taga. Tune tana jin tsohon yana kiran sunanta, tana kuka tana murza yumɓu. Ta yi wa Nomau magana ya zage ta. Ta gaya wa mutanen unguwa, kowa ya ce abin cikin gida ne.

"'Akwai wasu fatake da suka saba shayar da jakunansu a rijiyar gidan Barmo, Nomau ya hana su, har ya fasa wa ɗayansu kai. Suka zo wurin Tune suka ce sun ji halin da dattijo ke ciki, abin ya taɓa musu zuciya, za su shiga su fid da shi. Ƙofar gidan mai ƙarfi ce, sai dai a shiga ta katangarta. Suka ce tsani kawai za ta ara musu. Ta ce a ranta, ai tsani ba makami ba ne. Ta ɗauko ta jingina musu da hannunta.

"'Da tsakar rana suka haura, su bakwai. Nomau ya tare su da wuƙar fawa. Cikin kokawa aka ture murhu, wuta ta kama danga, ta kama ɗakin kara. Ba wanda ya tuna da tsohon sai da rufin ya faɗa. 'Yar Nomau ta fari ta shiga ɗauko ƙanenta, ta fito da shi, ita ba ta kwana ba. Nomau ya rasa ido ɗaya amma bai mutu ba. Fatake suka dawo ta kan tsanin, suka ɗora wa jakunansu kaya, kafin magariba sun bar garin. Har yau ba wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu.

"'Sunan Tune kuwa kowa ya sani. Ta rantse ta maya cewa ba ta kunna wuta ba, ba ta ɗaga hannu ba, aka ce mata gaskiya ne, amma tsanin wa? Yaran da ta yi wa wanka suka daina gaishe ta. Nomau bai kai ta ƙara ba, bai doke ta ba. Ya kwaɓa ƙasa ya toshe rariya. Da ruwan tsakiyar damina ya sauka bai sami mafita ba, ya kwanta a tsakar gidanta kwana da kwanaki yana cin gindin gini, har ɗakin da take kwana ya rufta da ita. Ina ƙarƙashin rumbu ina gani, da aka zo tono ta mutum huɗu ne kacal.'

"Bushiya ta dubi Kurege ta ce, 'Masu hawa tsani suna da garin da za su koma. Mai tsani nan za ta kwana, ita da wanda aka haura wa. Kai ina za ka koma in an gama?'

"Kurege ya ce, 'Baba, labarinki akwai ban tausayi, amma ni ba mutum ba ne, kuma macijin nan mutuwa zai yi, ba ido ɗaya zai rasa ba.' Ya tashi ya karkaɗe wutsiya ya tafi. Ka san mai gaggawar taimako, ranka ya daɗe, ba ya jin magana sai wadda ta yi daidai da gaggawarsa.

"Da hantsi maharba suka iso. Kurege ya bi ƙofofin Gafiya ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga wutsiya, suna toshewa. Suka cusa busasshiyar ciyawa da barkono a babbar ƙofa, suka kunna, suka yi ta fifita da faifai. Abin da Kurege bai sani ba, su kuwa maharba sun sani sarai, shi ne hayaƙi sama yake bi, kuma mai ƙaramin ƙirji yake fara kashewa. Gamsheƙa ya sulale ya shige wata tsaga da ta nutsa ƙarƙashin surin, ya lafe. Gafiya da 'ya'yanta suna ƙuryar da ta fi kowace tudu. Kurege ya ji kukansu ya ƙaru, ya ƙaru, sa'an nan ya daina jin komai.

"Da macijin ya janye jikinsa daga zaure, bakin siririyar hanyar kakanni ya buɗe. Hayaƙi ya bi ta nan ya cika gidan Kurege. Matarsa da 'ya'yansa suka fasa ƙananan ƙofofinsu suka yo waje, karnuka na tsaye. Kurege ya ruga wurin karen nan mai ladabi yana cewa waɗannan nasa ne, ba su aka zo nema ba. Karen ya ce, bakinsa cike, 'Ka yi haƙuri, ni ma aiko ni aka yi.'

"Maharba suka tone ramin, suka tsinci gafiyoyi shida, suka haɗa da kuregu huɗu, suka ce farauta ta yi kyau. Macijin ba su ko ƙara ambatonsa ba. Kuma tun da sun san ƙofofin surin nan, duk rani sai sun dawo, ba sa bukatar mai ɗaga musu wutsiya. Kurege ya rayu, shi kaɗai, a cikin rami mai warin hayaƙi, maƙwabcinsa Gamsheƙa, wanda ya san ko wane ne ya nuna ƙofa."

Da Shamuwa ta kai ƙarshen labarin, ta ce, "Na tashi bisa ƙasashe da yawa, Allah ya ba ka nasara, na ga inda irin rundunar nan ta bi. Igwa ba ta san ɗakin da aka kulle Cindo ba. Ranar da Jatau ya ji ƙararta a bakin kogi, wa kake tsammani zai fara yankawa? Waɗanda za su gudo kuma, ta mashigin nan za su gudo, cikin gonakinka, masu binsu na biye. In baƙi sun gama sun tafi, kai da Kwarin Ƙirya za ku ci gaba da shan kogi ɗaya, kowace uwa a can tana nuna wa ɗanta tudunka tana cewa daga nan aka shigo. In kuma ba su tafi ba, sun riga sun san inda ƙasa ta yi tauri, kuma hanyar da ta kai gabas ita ce ta kai yamma."

Ran sarki ya ɓaci, don ba abin da ya kai gaskiya ciwo in ta zo wa mutum bayan ya gama shawara. Ya ce, "Wato in naɗe hannu, in bar shi ya ruɓe a ɗaki? Tune ta yi magana an zage ta, unguwa ta ce ba ruwanta. Me ya rage mata in ba tsani ba?"

Shamuwa ta ce, "Ban ce ka naɗe hannu ba. Unguwar da ta ce ba ruwanta tana da nata alhakin, kuma mai nauyi ne. Tune sau ɗaya ta yi magana, ta kan katanga, aka zage ta ta koma ciki. Ba ta je ta zauna a ƙofar gidan ba, ba ta tattaro tsofaffin unguwa ta hana su sakat ba. Wannan hanya doguwa ce, akwai wulaƙanci a cikinta, tsani kuwa yana jingine kusa."

Sarki ya ce, "In na bi doguwar, zai rayu?"

Ya so ƙwarai ta ce masa i. Tsohuwar ta kawar da kai ta dubi tsamiya, ta ce, "Ban sani ba. Mai yiwuwa ne ka hana mashigi kuma Jatau ya kashe shi duk da haka, mutane su ce ka sami damar ceton ɗan'uwanka ka ƙi. Ba zan yi maka ƙarya don ka ji sanyi ba. Abin da na sani shi ne, in ka buɗe, shi za a fara binnewa, kuma ba shi kaɗai ba."

Sarki Mantau ya sunkuyar da kai. Ya tuna Cindo suna yara, yadda yake ƙwace masa ɗanwake ya gudu yana dariya, hawaye suka zubo masa har gemu, bai share ba. Da ladan ya kira magariba ya miƙe ya ce, "Na karɓa, Iya. Ban ji daɗinta ba, amma na karɓa."

Da safe fada ta cika, aka shigo da manzo. Sarki ya sa aka mayar masa da kyaututtukansa, ya ce, "Ka gaya wa iyayen gidanka na gode da tausayinsu. Mashigin nan ba nawa ne ni kaɗai ba, da mutanen Kwarin Ƙirya muka lalubo shi, ba zan ba da shi a shiga musu ba."

Manzo ya yi murmushin yaƙe, ya ce ta bakin tafinta, "To jinin ɗan'uwanka yana wuyanka. Mu kuwa za mu sami wata ƙofa, ko ba bana ba."

Sarki ya ce, "Mai yiwuwa ku samu. Ba dai tawa ba."

Da manzo ya fita, sarki ya aika wa sarkin arewa da na kudu cewa shi ya yi gaba zuwa wurin Jatau, in suna jin maƙwabtaka ta wuce sallama da baki, su iske shi a can da dattawansu, ba da mayaƙa ba. Fadawa suka yi ta roƙonsa kada ya kai kansa hannun wanda ya ci amanar ubangidansa. Ya ce ya ji, ya kuma sa a kira Sarkin Fito ya shirya kwalekwale ɗaya. Bai ɗauki takobi ba, bai ɗauki dogari ba. Ƙunshi biyu kawai ya sa aka kawo masa daga cikin gida: ɗaya sabuwar riga ce daidai jikin Cindo, ɗayan kuma likkafani.

A bakin kogi hadari ya fara haɗuwa daga gabas. Sarkin Fito, wani tsoho, ya karɓi ƙunshin biyu zai ajiye a cikin jirgi, wurin kuwa ƙarami ne, sai an ɗora ɗaya kan ɗaya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wanne zan sa a sama?"

Sarki ya dube su ya ce, "Sa rigar a sama. In ɗayan aka bukata, ba zai yi wuyar samu ba."

Sarkin Fito ya kafa gora ya tura jirgi. Iyakar abin da masu labari suka riƙe ke nan. Wane ƙunshi aka kwance a Kwarin Ƙirya, ba su gaya mana ba.